Yadda Za Ka Tashi Tsohuwar Manhaja a Sabuwar Kwamfuta Mai Windows 10 ko 11

Da wuya mako ya wuce ba a shigo mini shago a nan Jos da wannan ƙorafin ba. Mai buga katin biki ya sayi sabuwar kwamfuta, PageMaker 7 ɗin da hannunsa ya saba da shi ya ƙi buɗewa. Mai kemis yana da manhajar lissafin kaya da wani yaro ya haɗa masa shekarun baya, yaron ya bar gari, lambarsa ma ba ta shiga. Malamin Islamiyya ya ɗora tsohuwar Maktaba Shamila, maimakon Larabci sai alamomin tambaya suka cika allon. Kusan dukkansu da magana ɗaya suke zuwa: "Malam, a goge wannan a mayar mini da Windows 7." Ba na yarda da sauri. Microsoft ta daina kula da Windows 7 tun Janairun 2020, kuma yawancin sababbin kwamfutoci ba su da direbobinsa, wato ƙananan manhajojin da ke sa Windows ya iya aiki da sassan kwamfuta. Sai ka sa shi ka tarar babu sauti, babu Wi-Fi, ramukan USB ma sun mutu.

Ga tsarin da nake bi. Na jera matakan daga mai sauƙi zuwa mai nauyi, kuma inda manhajarka ta tashi, nan za ka tsaya, sai dai ka tsallaka zuwa mataki na ƙarshe ka yi gwaji.

Abin da za ka tanada

Faifan da aka saka manhajar da shi tun farko, ko foldar da ke ɗauke da fayil ɗin sakawa. Lambar lasisi, wadda galibi tana jikin kwalin faifan ko a wata takarda da aka jefa cikin durowa. Filash mai kyau ko faifan ajiya na waje. Idan manhajar a CD take, ka nemi na'urar karanta CD mai igiyar USB, domin sababbin kwamfutoci sun daina zuwa da ita. Aro ma ya isa, aikin rana ɗaya ne. Sai data kaɗan, da tabbacin wuta. Mai kwamfutar tebur da ba shi da UPS ya bari sai ya tada janareta.

Duk manhajojin taimako da zan ambata kyauta ne. Inda kuɗi ke fita shi ne faifan ajiya, ƙarin ram idan ta kai ka ga mataki na 7, igiyar haɗa tsohuwar firinta, da ladan mai gyara. Farashin waɗannan kayan dala yake bi, don haka ka taya a shago biyu ko uku a Ahmadu Bello Way kafin ka biya. Abin da ba a samu a Jos ba, ana aiko da shi daga Banex a Abuja.

1. Kwashe bayananka tukuna

Manhaja ana iya sake samun ta. Lissafin bashin kwastomomi na shekara goma idan ya tafi, ya tafi. Idan tsohuwar kwamfutar tana tashi, buɗe manhajar ka yi kwafin ajiya daga cikinta, in tana da wurin yin haka. Bayan nan ka kwafe foldar manhajar gaba ɗaya daga Program Files, da Documents, da duk wata folda mai baƙon suna da ka gani zaune a kan C kai tsaye. Tsofaffin manhajoji suna son ɓoye bayanansu a irin waɗannan wuraren.

Masu aikin ɗab'i, kada ku manta da foldar C:\Windows\Fonts. Rubutun Hausa da aka yi da tsofaffin haruffa (font) irin su Rabi'at ba ya ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ na gaskiya, wasu alamomi ne aka ara aka yi musu zane. Idan ka buɗe aikin a kwamfutar da babu wannan harafin, sai ka ga }asa a wurin ƙasa, ]aya a wurin ɗaya. Aikin bai lalace ba, harafinsa ne bai biyo shi ba.

Gargaɗi: kada ka sayar da tsohuwar kwamfutar, kada ka ba yara, kada ka bari a goge ta, sai sabuwar ta yi cikakken wata tana aiki lafiya. In kuwa ta riga ta mutu, a ciro faifan ajiyarta a sa shi a gidan USB. Sau da yawa faifan lafiyarsa ƙalau.

A sabuwar kwamfutar kuma, rubuta "Create a restore point" a wurin bincike ka yi ɗaya. Idan wani abu ya rikice, nan za ka koma.

2. Gano irin manhajar da irin Windows ɗinka

Minti biyar ne, amma shi ke hana ka ɓata yini guda. Shiga Settings, System, About, ka duba layin "System type". Windows 11 duk 64-bit ne. Windows 10 yana da 32-bit da 64-bit, amma yawancin waɗanda ke hannun mutane 64 ne.

Ka'idar ita ce: Windows mai 64-bit yana tashin manhajar 32-bit, amma ba ya tashin ta 16-bit ko kaɗan. Manhajojin zamanin XP da Windows 7 kusan duk 32-bit ne, akwai fata sosai. Na zamanin DOS, masu baƙin allo ko shuɗi da ba a taɓa linzami, da na Windows 3.1, su ne 16-bit. Idan ka danna ta sai shuɗin akwati ya fito yana cewa "This app can't run on your PC", kuma ka san tsohuwa ce tukuf, wuce mataki na 6 kai tsaye.

Akwai tarko ɗaya a nan. Wasu manhajojin ƙarshen shekarun 1990 su kansu 32-bit ne, amma fayil ɗin da ke saka su 16-bit ne. Kafin ka yanke ƙauna, gwada foldar da ka kwafo daga tsohuwar kwamfuta: ajiye ta a sabuwar, ka danna manhajar kai tsaye ba tare da sakawa ba. Ƙananan manhajoji da yawa haka nan suke tashi.

Gargaɗi: idan a About ka ga an rubuta "S mode" a jikin sunan Windows, ba za ta karɓi komai ba sai daga Microsoft Store. Fita daga wannan yanayin kyauta ne, amma in ka fita ba komawa.

3. Saka ta da yanayin dacewa, kuma ba a Program Files ba

Kada ka danna fayil ɗin sakawa sau biyu yadda ka saba. Danna shi da maɓallin dama na linzami, zaɓi Properties, sai shafin Compatibility. Sa alama a "Run this program in compatibility mode for", ka zaɓi Windows ɗin da manhajar ta yi aiki a kai na ƙarshe. In ba ka tuna ba, fara da Windows XP Service Pack 3, in ya ƙi ka gwada Windows 7. Sa alama a "Run this program as an administrator", wato buɗe ta da cikakken iko, danna OK, sannan ka fara sakawa.

Da ta tambaye ka inda za ta zauna, canza wurin. Buɗe mata folda a kan C kai tsaye, mai gajeren suna babu tazara, kamar C:\Lissafi. Dalilin yana da muhimmanci. A zamanin XP manhaja tana rubuta bayananta a cikin foldarta ba mai hana ta. Daga Vista zuwa yau Windows yana tsare Program Files, kuma idan tsohuwar manhaja ta yi yunƙurin rubutu a ciki, ba ya ce mata a'a, sai ya karkatar da rubutun a ɓoye zuwa wata folda mai suna VirtualStore. Ita manhajar ba ta san an yi ba, kai ma ba ka sani ba.

Wani Alhaji mai shagon kayan gini ya taɓa kira na da sassafe, muryarsa na rawa. "Malam, cinikin wata uku ya ɓace, an mayar da ni baya." Da na je, sai na tarar yaron shagonsa ya buɗe manhajar a matsayin mai cikakken iko a ranar. Da aka buɗe ta haka, sai ta daina bin karkatarwar, ta koma karanta tsohon fayil ɗin da ke Program Files. Cinikin wata ukun yana nan zaune a C:\Users\sunan mai kwamfuta\AppData\Local\VirtualStore. Na ce, "Alhaji, kwantar da hankalinka, ba abin da ya ɓace." Har kwafin ajiyar da yaron ke yi duk Juma'a na fayil ɗin da ba a taɓawa ne, wato da kwamfutar ta mutu a lokacin, da an yi asara ta gaske. Foldar AppData a ɓoye take. Rubuta %localappdata%\VirtualStore a layin adireshin File Explorer, za ta kai ka.

Gargaɗi: ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai. Ko dai kullum da cikakken iko, ko kullum babu. Yau haka gobe haka shi ke raba bayanai gida biyu.

Bayan sakawa, maimaita saitin Compatibility a kan manhajar kanta, ba fayil ɗin sakawa kaɗai ba. Idan rubutun ya yi ƙanana kamar tururuwa ko maɓallan sun hau kan juna, a wannan shafin danna "Change high DPI settings", sa alama a "Override high DPI scaling behavior", ka zaɓi System. Idan launuka sun rikice, akwai "Reduced color mode".

Gargaɗi: idan shuɗin akwatin SmartScreen ya tare ka, "More info" sannan "Run anyway" zai ba ka hanya. Ka yi haka ne kawai ga abin da ya fito daga faifanka na asali ko tsohuwar kwamfutarka. Manhajar da aka fasa lasisinta, irin wadda ake tura wa mutane a filash ana cewa sai an kashe maganin bairos kafin a sa, ita ce hanya mafi sauri ta kawo cuta cikin kwamfutar da ke ɗauke da lissafinka.

4. Cike abin da take nema

A nan yawancin manhajoji ke maƙalewa. Ta shiga lafiya, amma da ka buɗe sai ƙaramin akwati ya fito da sunan wani fayil. Kada ka rufe shi da sauri. Ɗauki hotonsa da waya, domin sunan shi ne maganin.

Idan ta nemi .NET Framework 2.0, 3.0 ko 3.5, danna maɓallin Windows tare da R, rubuta optionalfeatures, ka sa alama a .NET Framework 3.5. Shi ɗaya ya ƙunshi ukun. Zai sauko daga intanet, don haka ka kasance da data. A wannan jerin, ƙarƙashin "Legacy Components", akwai DirectPlay, wanda tsofaffin wasanni da wasu manhajojin koyar da yara ke buƙata.

Idan sunan ya fara da MSVCR, kayan Visual C++ ne suka rasa, kuma lambar tana gaya maka shekarar. MSVCR100.dll na 2010 ne, MSVCR110.dll na 2012, MSVCR120.dll na 2013. VCRUNTIME140.dll kuwa na 2015 zuwa sama. Sauke "Visual C++ Redistributable" na shekarar daga shafin Microsoft. Kuskuren da kowa ke yi: mutum ya ga kwamfutarsa 64-bit ce sai ya sauke mai x64. A'a. Manhajar ake bi, ba kwamfutar ba. Manhajar 32-bit mai x86 take so.

Gargaɗi: ka guji shafukan da ke raba fayilolin dll ɗaɗɗaya. Ba ka san abin da aka cusa a ciki ba, kuma ko mai kyau ne, in ka cike ɗaya sai ta nemi na biyu.

Manhajojin da matasanmu suka riƙa haɗa wa makarantu da kemis da otal a shekarun 2000, da yawansu da Visual Basic 6 aka yi su. Uwar kayan aikinsa tana nan cikin Windows 10 da 11, amma ƙananan fayiloli irin su MSCOMCTL.OCX da COMDLG32.OCX sau da yawa babu su. Saƙon zai ce fayil ɗin "not correctly registered". Ɗauko shi daga tsohuwar kwamfutarka, ka ajiye a C:\Windows\SysWOW64. Buɗe Command Prompt da cikakken iko ka rubuta:

regsvr32 C:\Windows\SysWOW64\MSCOMCTL.OCX

Kada sunan ya ruɗe ka. A Windows mai 64-bit, kayan 32-bit a SysWOW64 suke zama, kayan 64-bit kuma a System32. Kamar an yi da gangan don a wahalar da mutane, amma haka abin yake. Haka nan idan manhajar tana haɗuwa da rumbun bayanai ta ODBC, wanda za ka saita shi ne C:\Windows\SysWOW64\odbcad32.exe. Ka duba yadda aka saita a tsohuwar kwamfutar, ka kwaikwayi sunan harafi da harafi.

Idan ka danna Help bai buɗe ba, fayil mai ƙarewa da .hlp ne, sabon Windows ya daina karanta shi. Bar shi, ba ya hana aiki.

5. Kwanan wata, Larabci da shafukan da ke neman Internet Explorer

Kwamfutocin da ake shigowa da su na hannu yawanci da saitin Amurka suke zuwa, wata kafin rana. Tsohuwar manhajarka ta saba da rana kafin wata. Sakamakon: 05/03 da ka rubuta a matsayin 5 ga Maris sai ta shiga a matsayin 3 ga Mayu, ba wani ƙorafi, sai ranar 13 ga wata ta fara kuka tunda babu wata na 13. Kafin ka shigar da ciniki ko ɗaya, je Control Panel, Region, ka mayar da "Short date" yadda yake a tsohuwar kwamfutar, galibi dd/MM/yyyy.

Matsalar Larabci ma a nan ake gyara ta. A cikin Region ɗin, shiga shafin Administrative, danna "Change system locale", zaɓi Larabcin Saudiyya, ka kashe kwamfutar ka kunna. Alamomin tambayar za su koma haruffa. Windows kansa ba zai koma Larabci ba, kada ka ji tsoro. Akwai ƙaramin akwati a ƙasa mai maganar Beta da UTF-8. Ka tabbata babu alama a cikinsa, don yana dagula tsofaffin manhajoji. Ya fi kyau a yi wannan saitin kafin a saka manhajar. In ka riga ka saka, cire ta ka sake.

Masu tsofaffin na'urorin kyamarar tsaro da ba a kallon su sai ta Internet Explorer: an yi masa ritaya a Yunin 2022, amma yana nan a cikin Edge. Shiga Settings na Edge, "Default browser", ka ba da izinin sake buɗe shafi a yanayin Internet Explorer.

6. Idan ta DOS ce ko 16-bit

Ga manhajar DOS, sauke DOSBox-X. DOSBox na asali don wasanni aka yi shi. Wannan ɗan'uwan nasa ya fi dacewa da aikin ofis, har da buga takarda. Ajiye manhajar a folda mai suna da bai wuce harafi takwas ba, misali C:\DOS. Buɗe DOSBox-X ka rubuta mount c c:\dos, ka danna Enter, sannan c: da Enter, sai sunan fayil ɗin da ke tashin manhajar. In ta yi aiki, sa waɗannan layukan a sashen autoexec na fayil ɗin saitinsa don kada ka riƙa rubutawa kullum.

Ga manhajar Windows mai 16-bit, ko mai 32-bit da fayil ɗin sakawarta ya tsufa, akwai otvdm, wanda kuma ake kira winevdm, a shafin GitHub. Ka warware shi a folda, ka danna fayil mai suna install da ke ciki, daga nan tsofaffin manhajojin za su riƙa buɗewa kamar kowace. Ba duka yake ɗauka ba, amma gwajin minti goma ne.

Gargaɗi: kada kwamfuta biyu su buɗe fayil ɗin bayanai ɗaya a lokaci guda ta wannan hanyar. Rumbun bayanan zai iya lalacewa ba tare da wata alama ba.

7. Kwamfuta a cikin kwamfuta

Idan duk na sama sun ƙi, ko manhajar tana tashi amma tana mutuwa a tsakiyar aiki, to a daina lallashi, a gina mata gidan da ta saba. Za ka ɗora cikakken Windows XP ko 7 a cikin taga guda a kan sabon Windows ɗinka. Ga abin da ya shafi kuɗi, da PageMaker da ke yawan faɗuwa, ni nan nake zuwa da wuri. Ya fi ɗaukar lokaci a rana ta farko, amma ya fi kwanciyar hankali.

Fara duba ƙarfin kwamfutar. Ram gigabayit 8 ya wadatar. Mai 4 za ta ɗauki XP da ƙyar, Windows 7 kuwa sai ja da ciki. Ka fara tambaya ko ana iya ƙara mata, don wasu siraran kwamfutoci ram ɗinsu a manne yake. Sannan buɗe Task Manager, Performance, CPU, ka nemi layin Virtualization. Idan "Disabled" ne, sai ka shiga BIOS, wato allon saitin injin kwamfutar, lokacin kunnawa: F10 a HP, F2 a Dell, F1 ko F2 a Lenovo. Kunna abin da aka rubuta wa Virtualization Technology, ko SVM a kan AMD. Kada ka taɓa komai bayan wannan.

Sauke VirtualBox, manhajar da ke gina kwamfuta a cikin kwamfuta, daga shafinsa, kyauta ne. VMware Workstation Pro ma ya zama kyauta tun 2024, amma VirtualBox ya fi sauƙin samu. Danna New, ba kwamfutar cikin suna, nuna mata faifan Windows ko fayil ɗin ISO, wato kwafin faifan a fayil guda. Ga XP, ram megabayit 1024 da faifai gigabayit 20 sun isa. Ga Windows 7, megabayit 2048 da gigabayit 40. Kada ka ba ta fiye da rabin ram ɗin kwamfutar. Lasisi kuma yana nan daram: XP yana ba da kwana 30 kafin ya tsaya sai an kunna lasisinsa, don haka ka riƙe lambarka kusa.

Idan an gama sakawa, je Devices, "Insert Guest Additions CD image", ka saka abin da ya fito. Ba tare da shi ba allon zai zauna ƙarami, linzami kuma ya riƙa maƙalewa a ciki. In ya maƙale kafin nan, maɓallin Ctrl na hannun dama ne ke sako shi. Sai ka shiga saitin "Shared Folders" ka haɗa folda ɗaya tsakanin tsohon Windows da sabon. Ta nan za ka shigar da manhajar, ta nan kuma kwafin ajiya zai riƙa fita.

Gargaɗi, kuma wannan ba na wasa ba ne: cire mata intanet. A saitin Network, cire alamar "Enable Network Adapter". An daina toshe ɓarakar XP tun Afrilun 2014. Bairos ɗin WannaCry da ya kulle kwamfutoci a duniya a Mayun 2017, har da na asibitocin Ingila, ta hanyar sadarwa ya riƙa bin Windows da ba a sabunta ba. Manhajar lissafinka ba ta da abin yi a intanet.

Da komai ya zauna, manhajar ta tashi, ɗauki Snapshot. Hoto ne na yadda take a wannan lokacin, wanda za ka iya komawa. Amma ka sani komawa gare shi yana shafe duk abin da aka shigar bayan ɗaukarsa, kuma yana zaune ne a kan faifai ɗaya da komai, don haka ba ya maye gurbin kwafin ajiya. Na gaskiya shi ne File, "Export Appliance", ka fitar da ita fayil guda zuwa faifan waje. Ran da ka sake canza kwamfuta, wannan fayil ɗin kawai za ka shigar, ba sai ka zo wurina ba.

Idan kwamfutar cikin tana tafiyar hawainiya kuma ka ga hoton koren kunkuru a ƙasan tagar, Windows ne ke rige ta amfani da injin, yawanci saboda Hyper-V ko "Memory integrity". Kashe su yana ƙara gudu, amma na biyun kariya ce; in jinkirin bai dame ka ba, bar shi.

Ga wanda faifan sakawarsa ya ɓace kuma kwafar folda ba ta yi ba, akwai Disk2vhd na Microsoft, wanda ke mayar da tsohuwar kwamfutar dungurungum fayil ɗaya da VirtualBox zai iya tashi. XP yakan yi gardama da shuɗin allo mai lamba 0x0000007B saboda ya ga faifansa ya canza mazauni, wani lokacin kuma ya nemi a sake kunna lasisi. Wannan kam ka kai wa mai gyara.

8. Firinta, sikana da makullin lasisi

Yanayin dacewa ba ya aiki a kan direba. Direban 32-bit ba ya shiga Windows mai 64-bit, ko me za ka danna. Fara duba shafin kamfanin da ya ƙera na'urar. Direban Windows 7 mai 64-bit sau da yawa yana tafiya a 10 da 11. In babu, haɗa na'urar da Windows na cikin VirtualBox: a saitin USB zaɓi 2.0 idan XP ne, don bai san 3.0 ba, sannan Devices, USB, ka danna sunan na'urar, ka saka tsohon direbanta a can ciki. Haka ake yi wa makullin lasisi mai kama da filash da wasu manhajojin zane da ɗinkin kwamfuta ke zuwa da shi. Kada ka soka makullin sai ka gama saka direbansa.

Injin yanka sitika, sikeli da firintar rasit masu tsohon rami mai ƙusa tara suna buƙatar igiyar da ke mayar da shi USB. Ka nemi mai ƙwaƙwalwar FTDI ko CH340. Masu tsohuwar Prolific, waɗanda jabunsu ya yi yawa, sabon Windows yakan ƙi su. Bayan ka soka, Windows zai iya ba ta lamba kamar COM7, alhali tsohuwar manhaja ba ta gani sai COM1 zuwa COM4. Shiga Device Manager, Ports, Properties, "Port Settings", Advanced, ka mayar da ita COM1 ko COM2. Kuma ka riƙa soka ta a rami ɗaya kullum, in ba haka ba lambar na iya sake canzawa.

Idan takarda ce kawai kake son bugawa daga XP, hanya mafi sauƙi ita ce ka fitar da aikin a PDF zuwa foldar da ka haɗa, ka buga daga sabon Windows.

9. Gwaji kafin ka dogara da ita

Buɗewa ba ita ce aiki ba. Shigar da ciniki na gwaji mai kwanan wata da ya wuce 12, ka adana, ka rufe manhajar, ka kashe kwamfutar gaba ɗaya, ka kunna, ka duba yana nan. Buga rasit ɗaya. Fitar da rahoton watan jiya ka kwatanta jimillarsa da ta tsohuwar kwamfuta, kobo da kobo. Yi kwafin ajiya, sannan ka gwada dawo da shi, don kwafin da ba a taɓa gwadawa ba ba a san halinsa ba. Idan yaron shago yana da nasa asusun a kwamfutar, a gwada daga nasa ma.

Tunda ta buɗe, yi amfani da damar ka fitar da abin da za ka iya zuwa sigar da kowace kwamfuta ke karantawa: jerin kaya da bashi zuwa Excel ko CSV, rahotannin shekara zuwa PDF. Masu CorelDRAW su lura, sabo yana buɗe aikin tsoho, amma in ka adana a sabo tsohon ba zai buɗe ba sai ka zaɓi sigarsa a akwatin adanawa. Fayilolin PageMaker kuwa InDesign CS6 yana buɗe su, waɗanda suka biyo bayansa sun daina.

Idan ta VirtualBox kake aiki, koya wa duk mai taɓa kwamfutar ya fara kashe Windows na ciki ta Start kafin ya kashe na waje. A kwamfutar tebur kuma a sa UPS, ko ƙarami ne mai riƙe minti biyar, domin ɗauke wuta ana tsakiyar adanawa yana iya lalata fayil ɗin faifan gaba ɗaya. Daga ƙarshe rubuta a takarda saitin da ya yi aiki, wane yanayin dacewa, wace folda, wace lambar COM, ka manna a cikin kwalin faifan tare da lambar lasisi.